Filin jama'a ba kuɗin cefane ba ne

Ɗan yayata ya kira ni daga Amurka wata Juma'a da dare, lokacin da su can rana ba ta faɗi ba. Shekararsa bakwai a wani ƙaramin gari, aikinsa yankan ciyawa da gyaran bututun ban-ruwa a filin golf, wasan nan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, "Kawu, a sa mu a addu'a. Ana so a yi musayar fili, in ba a yi ba aikinmu na iya tsayawa."

Na ce ya warware mini zare da abawa. Filin dai na garin ne, ma'aikatar magajin gari ke riƙe da shi kamar yadda tamu ke riƙe da tasha ko mahauta. Abin da masu wasa ke biya ba ya ɗaukar nauyin wurin. Bututun da aka binne tun kafin a haifi yaron sun ruɓe, injinan yankan ciyawa sun tsufa, duk shekara sai an ɗebo daga baitulmalin gari an cike giɓi. Ana cikin haka wani mai gina gidajen sayarwa ya zo da tayi: a ba shi ɓangaren filin da ke bakin babbar hanya, shi kuma ya ba garin wani fili da ya fi wancan faɗi can ta baya, ya ƙara da kuɗin da za a sabunta bututun. Majalisar garin za ta zauna a kan maganar.

Na roƙi Allah ya zaɓa musu mafi alheri, ya tsare masa abincinsa. Amma bakina ya kasa cewa Allah ya sa musayar ta tabbata, kuma na san ya ji hakan a muryata.

Washegari na kai zancen majalisarmu ta bayan la'asar, inda muke zama ƙarƙashin dogon yaro. Wani abokina, tsohon direban babbar mota, bai bari na kai aya ba. Ya ce, "Haba Malam! Mu da muke jiran pampo ya kawo ruwa da tsakar dare, muna jera bido, ina ruwanmu da masu shayar da ciyawa don su buga ƙwallo?" Yana da gaskiyarsa, golf ba ya cikin abin da ke hana mutumin Damagaram barci. Sai na ce masa ya cire golf daga cikin labarin, ya sa filin ƙwallon unguwa, ko filin idi, ko harabar makaranta, ko tsohuwar tasha, ya sake saurara. Hukuma ba ta da kuɗi, ga fili a wuri mai tsada, ga mai kuɗi tsaye yana cewa ba ni gishiri in ba ka manda. Ya yi shiru, can ya ce, "Wannan kam mun sha gani."

Masu son musayar suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba, tunda ɗana yana cikinsu. Golf wasa ne mai cin fili. Cikakken fili yana da rami 18, yakan ci hekta 50 zuwa 70, wato kamar a jera filin ƙwallon ƙafa 70 ko fiye. A wurare da yawa ƙungiyoyin masu hali ne ke da irin waɗannan filaye, ba ka taka ciki sai kana da kati. Filin gari shi ne ƙofar mai ƙaramin ƙarfi. Tun 1895 birnin Niyok ya buɗe nasa a Van Cortlandt, don kowa ya shiga ya yi wasa ba sai ya zama ɗan ƙungiya ba, sauran garuruwa kuma suka bi sahu. Ɗan yayata ya ce masu zuwa nasu filin yawanci tsofaffi ne da suka aje aiki, da direbobi, da ƴan makaranta da ake koya wa wasan da yamma. Ranar da aka rufe shi, attajiri bai yi asarar komai ba, motarsa zai shiga ya tafi na ƙungiyarsa. Waɗannan tsofaffin ne za su koma zaman ɗaki.

Akwai kuma hujja ta biyu da ta fi wannan nauyi a wurina. Fili a cikin gari ba ya rayuwa shi kaɗai. Wanda ba a yin komai a kansa, bana juji ne, baɗi wani ya zube yashi a gefe, kafin ka ankara an kafa tubali. Abin da ke tsare fili shi ne sawun mutane, waɗanda ke zuwa kullum, waɗanda za su yi ihu in sun ga ma'auni da turaku. Don haka wanda ya ceci wasan ya ceci itatuwan da ke wurin, da inuwarsu, da ƙasar da ke shanye ruwan sama. Mu da muka ga damunar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni, mun san ruwa in ya sauko sai ya nemi wurin zuwa, kuma kowane tabki ko fili da aka cike aka gine, gidan wani ne zai karɓi rabonsa.

Duk da haka na kasa cewa amin, kuma dalilina na farko lissafi ne da kowace uwargida ta sani. Akwai kuɗin jari, akwai kuɗin cefane. Giɓin da filin ke bari a baitulmali duk shekara yake dawowa: albashi, man inji, taki, wuta, ruwa. Shi kuwa fili sau ɗaya ake ba da shi. A ɗauka an yi musayar, an binne sabon bututu, ciyawa ta yi kore shar. Shin masu wasa sun ƙaru? Shin kuɗin da suke biya ya kai? In amsar a'a ce, to an sayi lokaci ne kawai, shekara goma ko goma sha biyar, sannan a sake zama a sake duba taswira a ga wane gefe ne ya rage. Mutumin da ya yanki gonarsa ya sayar don ya ciyar da doki, dokin zai ci ya ƙoshi bana. Baɗi zai sake jin yunwa, gonar da ke ba da harawa kuma ta ragu.

Garin da golf ya fi daraja a duniya ya taɓa faɗawa wannan rami. Sent Andurus, a ƙasar Sikotilan, yana da wata tsohuwar makiyaya a bakin teku wadda takardar 1552 ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin wasa a kanta. A 1797 bashi ya yi wa majalisar garin katutu, filin ya fita daga hannunta, ya faɗa hannun masu kiwon zomaye. Aka shafe kusan shekara ashirin ana shari'a da rigima tsakanin masu wasa da masu zomaye, har wani mai ƙasa, James Cheape, ya sayi wurin a 1821. Garin bai sake mallakar abinsa ba sai a 1894. Bashin da ya sa aka saki filin, waɗanda suka ci shi da waɗanda suka biya shi duk sun daɗe a kabari kafin jikokinsu su dawo da abin da aka rasa. Yau mutane daga ko'ina suna tururuwa zuwa wannan fili, garin yana ci daga gare shi, kuma yawancin ranakun Lahadi ba a wasa a kansa, ana barinsa ga mutanen gari su yi yawo da iyalansu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin 1797 da 1894. Zama ɗaya aka yi aka saki, shekara 97 aka yi kafin a kamo.

Ba sai mun ƙetare teku ba. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Nijar a shekarun 1990 ya san zafin albashin da ba ya zuwa, wata da watanni. A farkon shekarun 2000 aka fito da dabarar biyan ma'aikata bashinsu da filaye. Ban ga laifin malamin makaranta ko ma'aikacin gidan likita da ya karɓa ba, haƙƙinsa ne, guminsa ne. Amma darasin da hukumomin garuruwa suka ɗauka daga wannan zamani shi ne abin tsoro: in aljihu ya bushe, a yi lotisma, wato a yanka filaye a sayar. Yanka fili ya fi karɓar haraji sauƙi, ba a faɗa da ƴan kasuwa, ba a bin gida gida. A Yamai, tun 1965 aka fara dasa zoben itatuwa a kewayen birnin, mafi yawansu dogon yaro, sama da hekta 2,000, don tare iska da ƙura. A je a gani yau. Babu ranar da aka ce an sayar da shi. Gefe gefe aka riƙa gutsura, kowace gutsura da dalilinta mai kyau a bakin mai yin ta.

Dalilina na biyu ya shafi ma'auni. Mai tayin nan ya ce zai ba da filin da ya fi faɗi, kuma wannan kalma ta "ya fi faɗi" ita ce ke kwantar wa mutane da hankali. To hekta ba ta zama daidai da hekta. Taku ashirin a bakin Kasuwar Dole da gona guda a kan hanyar Tanut, wanne ɗan kasuwa zai ɗauka? Mai gina gidaje ya san abin da ya sa yake son bakin hanya, ya yi lissafinsa tun kafin ya ɗaga waya. Wani abin da ba a cika faɗa ba kuma: darajar filin tana canzawa ne da sa hannun hukumar kanta. Muddin takarda ta ce wurin wasa ne, ba a gini, kuɗinsa kaɗan ne. Ranar da aka buga hatimi aka ce an halatta gini, ya ninka ba tare da an ƙara masa ko tsakuwa ɗaya ba. Idan aka kimanta shi da farashin jiya aka miƙa, sannan aka buga hatimin gobe, garin ya yi kyauta da ribar da shi da kansa ya haifar. Ku auna da namu ma'aunin: hekta guda mita 10,000 ce, ko an cire rabi don tituna, saura fegi 16 na mita 300. Kowa a garin nan ya san kuɗin fegi a bakin kwalta, sai ya ninka ya gani.

Wannan ba a takarda na koye shi ba. A unguwar da na tashi akwai wani fili da muke buga ƙwallo, a nan ake ɗaurin aure in gida ya yi kaɗan, a nan mata ke shanya, a nan ake sallar gawa in jama'a ta yi yawa. Wata shekara aka ce za a yi shaguna a wurin, amma kada mu damu, an ware wa matasa wani fili da ya ninka shi a bayan gari. Ba ƙarya aka yi ba, an ware ɗin, na je na gani da idona. Sai dai yaro ɗan shekara tara ba ya tafiyar awa guda a ƙasa don ya buga ƙwallo ya dawo kafin magariba, kuma ba uwar da za ta bar shi. Ba wanda ya kai gawa can, ba wadda ta kai shanya. Filin ya zauna ba sawu, bayan ƴan shekaru garin ya iso shi, aka ce ai ba a amfani da shi, aka yanka. Yanzu yaran unguwar a kan titi suke wasa, tsakanin babura. Na taɓa ɗaukar ɗaya daga cikinsu zuwa gidan likita da karyayyar ƙafa, kuma har muka isa ina tuna ranar da dattawanmu suka ce to, tunda an ba da wanda ya fi girma.

Idan na ji ana kukan matasan Damagaram, ana zancen zaman fada da rigingimun ƴan pale, wato gungun samarin unguwa, nakan so a haɗa da wannan tambaya: ina muka bar musu su tsaya? Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 300,000 a birnin nan, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Tun daga lokacin garin sai faɗaɗa yake. Matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, ga jami'a, ga gine-ginen Zinder Sabuwa na 2018, kowanne ya ƙara wa ƙasa kuɗi. Yadda fili ke ƙara tsada, haka idon masu tayi ke ƙara faɗawa kan ɗan abin da ya rage na jama'a, domin shi kaɗai ne babba, a tsakiya, ba gini a kansa.

Malamanmu sun riga mu tunanin wannan mas'ala. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta babin hubusi, wato waƙafi, inda aka ce ba a sayar da hubusi ko da ya zama kango. Dokin hubusi in ya lalace ana iya sayar da shi a sa kuɗin a wani dokin, amma musanya gidan hubusi da ya rushe da wani mai kyau, a nan malamai suka yi saɓani. A duba fa, musaya ce da a ido riba ce tsantsa, a ba da kango a karɓi gini, duk da haka suka tsaya suna jayayya. Inda malaman Malikiyya suka sassauta shi ne in za a faɗaɗa masallacin Juma'a, ko maƙabarta, ko hanyar da jama'a ke bi, sannan a sa kuɗin a madadinsa. Na san filin gari ba hubusi ba ne a hukunce. Amma abin da suka hango yana nan: da zarar an buɗe ƙofar "ai ya lalace, gara a musanya", mai kwaɗayin wurin ya samu hanya, abin da ya rage masa kawai ya jira wurin ya lalace, ko ya taimaka masa ya lalace. Shi ya sa na tambayi ɗan yayata, shekara nawa aka yi ana ƙin gyaran bututun nan kafin mai tayi ya bayyana? Wanda ya bar rufi yana yoyo shekara da shekaru bai kamata ya zama shi ne mai shelar cewa gidan ba ya gyaruwa ba.

Har yau a ƙasar Damagaram ana tuna dokar Sarki Tanimun a kan gawo, yadda ya tsananta hukunci ga duk wanda ya sare shi. Ba na kiran a dawo da irin wancan hukunci. Abin da nake gani a ciki shi ne shugaban da ya gane cewa akwai dukiyar da mai sara ke cin ribarta yau, asararta kuma ta faɗa kan wanda ba a haifa ba. Manoman Mirya da Magarya da Matamai da suka bar gawo ya sake tsiro a gonakinsu cikin shekarun nan sun nuna wannan fahimta ba ta mutu ba a karkara. A cikin birni ne muke sakaci da ita.

Kada a ɗauka ina cewa kowace musaya haramun ce. Akwai wadda na ji labarinta na ce madalla. A birnin Denba na Amurka akwai tsohon filin golf na Park Hill, eka 155, kusan hekta 63. Filin ba na birnin ba ne, amma a 1997 birnin ya biya dala miliyan 2 aka ɗaure filin da sharaɗin da ya hana gini a kansa. Wasan ya tsaya a 2018, wani kamfani ya sayi wurin a 2019 a kan dala miliyan 24 da niyyar gina gidaje da shaguna. Aka kai maganar gaban masu zaɓe a watan Afrilun 2023, suka ce ba su yarda a cire sharaɗin ba. A Janairun 2025 aka sanar da musaya: kamfanin ya karɓi eka 145 na birnin can wajen filin jirgin sama, birnin ya karɓi filin da ke tsakiyar unguwanni don ya zama wurin shaƙatawar kowa. A lura da inda kowane fili ya nufa. Na kusa da mutane ya shigo hannun jama'a, na nesa ya tafi hannun ɗan kasuwa. Tayin da aka yi wa garin ɗan yayata, da wanda aka yi wa unguwarmu, kishiyar wannan ne. Kuma abin da ya ba birnin ƙarfin ciniki shi ne waccan takarda ta 1997 da ƙuri'ar mutane. Mutanen Denba sun yi asarar gidajen da aka so ginawa, a birnin da haya ke da tsada, kuma masu wannan kuka ba su yi ƙarya ba. Amma aƙalla da bakinsu aka tambaye su.

Shi ma golf ɗin ba na ba shi kariya ido rufe. Sunan "filin gari" ba ya wanke komai in jama'a ba sa shiga. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu an yi ta ce-ce-ku-ce a 2020 kan filin Rondebosch, kusan hekta 45 na birnin, da wata ƙungiyar golf ke haya a lokacin a kan abin da bai wuce rand 1,000 da ɗoriya ba a shekara, wato ɗan kuɗi kaɗan na ƙasar, a birnin da talakawa ke kwana a ɗakunan kwano nesa da wurin aiki. Irin wannan fili suna ne kawai na jama'a. In za a taɓa dukiyar kowa don a raya wasa, to sai wasan ya buɗe ƙofa: rana guda a mako ta masu yawo, hanya a gefe ta masu tafiya a ƙasa, rangwame ga yara. In masu wasan sun ce ba su yarda ba, su ɗauki nauyin abinsu da aljihunsu.

Sai maganar da abokina direba ya fara da ita, ruwa. Ciyawar golf ba ta san rani ba, kullum sai ta sha. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Mashaya, da Arunguza, da Ganaram. Idan wata rana wani ya zo da zanen otal da koren fili ya ce a ba shi wuri a musanya, kuma yadda garin ke girma ban cire tsammanin zuwansa ba, tambayar farko ita ce daga wace rijiya. A wajen Yamai, a Rio Bravo, ana buga golf a kan rairayi da tsakuwa, mai wasa yana tafe da ɗan ƙyallen ciyawar roba yana ɗora ƙwallonsa a kai. Wanda ke son wasan don wasan, ga hanya nan da ba ta taɓa randar kowa ba.

Akwai mutum ɗaya da ba a taɓa gayyata zaman musaya, shi ne mai filin bayan gari. A takarda ana rubuta wurin kamar fanko ne, alhali a ƙasarmu babu fanko. Gonar gado ce, ko burtali, ko makiyaya, ko hurumin wani ƙauye. Mai tayi yakan riga kowa zuwa ya saye a hannun manomi da arha, sannan ya kawo wa hukuma a matsayin babban abin da ya sadaukar. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa don irin wannan, amma manomin da gari ya iso bakin gonarsa ya san yadda ƙarfinsa yake a gaban mai takarda. A Kanada, garin Oka ya amince a faɗaɗa filin golf daga rami 9 zuwa 18 a kan ƙasar da ƴan ƙabilar Mohok ke cewa tasu ce, kusa da maƙabartarsu. A 1990 aka yi kwana 78 ana fito-na-fito, har da soja, aka rasa rai. Waɗanda suka zana taswirar itatuwa kawai suka gani a wurin.

Da ɗan yayata ya sake kira, na gaya masa abin da ke raina ba ɓoye-ɓoye. Na ce, ɗana, ba na so ka rasa aikinka, na san bakuna nawa ke ci daga hannunka a gidan nan. Amma in ni ne a majalisar, ba zan ɗaga hannu ba sai an nuna mini yadda filin zai ciyar da kansa bayan gyaran, da alƙaluma, shekara bayan shekara. Sai an kimanta ɓangaren bakin hanya da farashinsa na bayan hatimi, kuma masu kimantawar ba mai tayi ne ya kawo su ba. Sai an rubuta sabon filin da sunan jama'a, an ɗaure shi da sharaɗin da wata majalisa ba za ta kwance a zama ɗaya ba, kafin a miƙa tsohon. In kuma an gwada ƙara kuɗin shiga kaɗan, an gwada rage ramukan zuwa 9, an gwada ba da hayar gefen na wasu shekaru maimakon rabuwa da shi har abada, duk ba su yi ba, to a kawo maganar gaban mutanen gari su yanke. Ya ce, "Kawu, in aka bi duk wannan mai tayin zai gudu." Na ce in ciniki na gaskiya ne ba zai gudu don an kunna fitila ba.

Abin da nake roƙo a nan gida bai kai wannan wuya ba. Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun garuruwa aka naɗa kantomomi, don haka babu kansilan unguwa da za ka tare a masallaci ka tambaya. Wannan ya ƙara wa masu riƙe da hatimi nauyi, bai rage ba. A fitar da jerin filayen jama'a na kowace gunduma cikin biyar ɗin birnin nan, da iyakokinsu, a manna a ƙofar ma'aikata, a karanta a rediyo da Hausa. Duk wata musaya ko canjin amfani a yi shelarta tun kafin a sa hannu, a kira mai unguwa da limami da shugabannin matasa da mata, a kai su su ga sabon wurin da ƙafarsu, daga unguwar za a taka a ƙasa, ba a mota ba. Masu unguwanni da fadar Sarkin Damagaram sun san tarihin kowane fili fiye da kowace taswira, a tambaye su tun ana iya gyarawa.

Ɗan yayata ya ce ranar zaman ana ba kowane mazaunin gari ƴan mintoci ya yi magana, kuma ya rubuta sunansa. Har yanzu yana goyon bayan musayar, bai ɓoye mini ba, amma ya ce zai tambaye su wane gefe za a yanka in kuɗin bututun ya ƙare. Mu kuma a majalisar bayan la'asar mun haɗa kuɗi mun sayi dashen dogon yaro 40. Akwai wani ɗan fili da ya rage bayan makarantar unguwarmu, inda yara ke buga ƙwallo da yamma. Yaran sun yarda za su raba ban-ruwan a tsakaninsu, abokina direba ya ɗauki nauyin kawo bido a amalanke, ranar Asabar bayan asuba za mu fara haƙa ramukan a kan iyaka.